Suriname: Ƙasar Da Aka Yi Musayarta Da New York

 Waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau da 'yan ƙwallo zan fara. Clarence Seedorf, mutumin da ya ci kofin zakarun Turai da ƙungiyoyi uku, Ajax da Real Madrid da AC Milan, ɗan ina ne? Edgar Davids mai gilashin nan fa? Na san za ku ce Holan. E, rigar Holan suka sa, amma dukkansu biyun a birnin Paramaribo aka haife su, babban birnin wata ƙasa mai suna Suriname. Ruud Gullit da Frank Rijkaard, iyayensu maza daga can suka fito. Virgil van Dijk na Liverpool ma, dangin mahaifiyarsa can ne. Kun ga ke nan mun daɗe muna kallon 'ya'yan ƙasar nan a gidajen kallo, ba mu taɓa tambayar ina take ba.

Ni ba ƙwallon ce ma ta kai ni ba. Wani hoto na gani yana yawo: babban masallaci, ga wurin ibadar Yahudawa a gefensa, katanga kawai ta raba su, a kan wani titi da ake kira Keizerstraat a Paramaribo. Na ce kai, waɗannan sun gama da duniya lafiya. Da na zauna na karanta tarihinsu, sai na tarar hoton gaskiya ne, zaman lafiyar ma gaskiya ce, amma akwai manyan tambayoyi uku da hoton bai amsa ba: ƙasar noma da daji na wa ne, wa ake hukuntawa idan mai mulki ya kashe mutane, kuma wa ke cin arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa. Su za mu bi yau.

To, bari mu fara da inda take. Suriname tana arewa maso gabashin nahiyar Amurka ta Kudu. Tekun Atlantika na arewa da ita, Birazil na kudu, Guyana na yamma, sai wani yanki da har yau Faransa ke mulka a gabas. Koguna biyu ne iyakarta: Corantijn a yamma, Marowijne a gabas. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 163,800, kuma ita ce mafi ƙanƙanta cikin ƙasashe masu 'yancin kai a nahiyar. Ƙanƙantar ta su ce fa, don in ka haɗa jihar Neja da jihar Borno ba su kai ta girma ba. Mutanen ne kaɗan, dubu 600 da 'yan kai. Cikin birnin Kano kaɗai ya ninka ƙasar baki ɗaya sau da yawa.

Sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasar kurmi ne, ɓangare na dajin Amazon. Mafi yawan jama'a a wani ɗan siririn fili na bakin teku suke zaune, kusan rabinsu a Paramaribo da kewaye. Can ciki kuwa hanyar mota kaɗan ce, kwalekwale da ƙananan jiragen sama ne abin hawa. Ku riƙe wannan rabuwa ta bakin teku da cikin daji, don za ta yi ta dawowa a labarin.

Masu ƙasar na asali su ne ƙabilu irin su Lokono da Kalina a bakin teku, da Trio da Wayana a can kudu. Suna nan tun dubban shekaru kafin Bature ya zo, amma yau ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'a ba. Turawan Ingila ne suka fara kafa gonakin rake a wajajen 1650. A 1667 Turawan Holan suka ƙwace wurin da yaƙi. A daidai lokacin kuma Ingila tana riƙe da wani gari na Holan a Amurka ta Arewa mai suna New Amsterdam, wanda ta ƙwace a 1664. Da aka zo sulhu a garin Breda a 1667, sai aka ce kowa ya riƙe abin da ke hannunsa. Holan ta tsaya da Suriname, Ingila ta tsaya da garin nan da ta riga ta sa wa suna New York. Kada ku yi wa Holan dariya. A wancan zamani sukari ne man fetur, kuma a lissafinsu ba su faɗi ba.

Sai dai rake ba ya noma kansa. An kwaso 'yan Afirka sama da dubu 200 zuwa Suriname, daga gaɓar Ghana ta yau, da yankin Benin da Togo, da Kongo da Angola. Ranar 1 ga Yuli 1863 da aka soke bauta, bayin da aka 'yanta wajen dubu 34 ne kacal. Ku auna tazarar da ke tsakanin lambobin biyu, za ku gane irin azabar da ake yi a gonakin. Kuma da aka tashi biyan diyya, masu bayin aka biya, gilda 300 a kan kowane mutum. Bayin ko sisi. Aka ma tilasta musu ƙarin shekara 10 suna aiki a gonakin ƙarƙashin sa idon gwamnati, har 1873. Ranar 'yancin suna kiranta Keti Koti, ma'ana an tsinke sarƙa, kuma har yau ana bikinta duk shekara. Gwamnatin Holan ba ta nemi afuwa ba sai a Disamba 2022, sarkinsu kuma ya nema da bakinsa ranar 1 ga Yuli 2023.

Ga ɓangaren da ya fi taɓa ni. Ba duka bayin ne suka jira a 'yanta su ba. Tun farkon zuwa wasu suka riƙa sulalewa cikin kurmi, suna bin koguna har inda sojan Bature ba ya iya kaiwa. Suka kafa garuruwa, suka naɗa shugabanninsu, suka riƙa dawowa suna kai hari gonaki suna kuɓutar da 'yan uwansu. Su ake kira Marun. Sai da suka gajiyar da Holan har ta nemi sulhu: ta sa hannu a yarjejeniya da ƙabilar Ndyuka a 1760, da Saramaka a 1762. Wato shekara ɗari kafin a soke bauta, waɗannan mutane sun riga sun karɓi 'yancinsu da hannunsu. Yau ƙabilu shida ne, kowace da babban sarkinta da suke kira granman.

Kuma ba su yar da gida ba. Tarihin bakinsu ya ce mata sun ɓoye ƙwayar shinkafa a cikin kitso lokacin gudu, kuma masu bincike sun tarar har yanzu suna noma irin shinkafar Afirka ta Yamma. Sunaye irin su Kwaku da Kofi suna nan, waɗanda 'yan uwanmu na zangon Kumasi da Accra ke ji kullum a bakin maƙwabtansu. A tatsuniyoyinsu akwai Anansi, gizo-gizo mai wayo da ha'inci. Duk wanda kakarsa ta yi masa gatanan gatananku ya san wannan halin, Gizonmu ne sak.

Da bauta ta ƙare, masu gonaki suka shiga neman wasu hannayen masu arha. An riga an fara kawo 'yan China tun 1853. Daga 1873 zuwa 1916 aka kawo mutum wajen dubu 34 daga Indiya a kan kwantiragin shekara biyar. Daga 1890 zuwa 1939 aka kawo kusan dubu 33 daga tsibirin Java na Indonesiya, wanda shi ma Holan ke mulka. Da yawa ba su koma ba. Shi ya sa a ƙidayar 2012 za ka ga 'yan asalin Indiya kashi 27 ne, Marun kusan kashi 22, jikokin bayin da suka zauna a gari wajen kashi 16, 'yan Java kusan kashi 14, sai masu ruwa biyu da sauransu. Babu ƙabilar da ta kai ko kashi ɗaya cikin uku. Harshen gwamnati da makaranta shi ne na Holan, amma a kasuwa da titi akwai Sranan Tongo, harshen da bayi suka ƙirƙira a gonaki, wanda kusan kowa ke ji.

Ta fuskar addini, kusan rabi Kiristoci ne, wajen kashi 22 mabiya Hindu, Musulmi kuma kusan kashi 14. Babu wata ƙasa a nahiyoyin Amurka da kason Musulminta ya kai haka, kuma tun 1996 tana cikin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Akwai wani labari a nan da na san zai ba ku mamaki. Mu nan da an ce alƙibla sai mu ce gabas. To a Java, Makka tana yamma da su. Da aka kawo mutanen Java Suriname sai suka ci gaba da fuskantar yamma kamar yadda suka ga iyayensu na yi, alhali yanzu Makka ta koma gabas da su. Daga baya wasu suka ce a gyara, wasu suka ce ba za su bar abin da suka gada ba. Aka rabu gida biyu, masu sallar yamma da masu sallar gabas, har da masallatai daban, aka kwashe shekaru da dama a haka.

To yaya aka yi wannan haɗin gambiza bai fashe ba? Abin da na fahimta, lissafi ne ya taimaka musu. Manyan jam'iyyunsu da yawa bisa ƙabila aka gina su, kamar yadda muka sani a wurare da dama. Amma majalisarsu kujera 51 ce, kuma sai an samu kashi biyu cikin uku kafin ta zaɓi shugaban ƙasa. Tunda babu wanda ya isa shi kaɗai, dole ka nemi maƙwabcinka. Sannan gwamnati ta raba hutu: ana hutun ƙaramar salla da babbar salla, da Kirsimeti, da bukukuwan Hindu, da ranar Marun, da ranar 'yan asalin ƙasa. Yaro ya taso yana cin roti a gidan wannan, yana shan miyar saoto a gidan wancan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni ina jinjina musu.

Yanzu mu koma ga tambayoyin nan uku. Ta farko, ƙasa. A ƙarni na 20 arzikin Suriname ya koma kan boksait, jar ƙasar da ake tace alminiyom daga cikinta. Lokacin yaƙin duniya na biyu, kaso mai yawa na boksait ɗin da Amurka ta ƙera jiragen yaƙi da shi daga nan ya fito. Narka alminiyom yana cin wuta sosai, don haka kamfanin Alcoa na Amurka ya gina madatsar ruwa ta Afobaka a kan kogin Suriname, aka toshe kogin a 1964. Ruwa ya shanye fili sama da murabba'in kilomita 1,500, ya tashi mutum wajen dubu 6, mafi yawansu Saramaka. Garuruwan da kakanninsu suka kafa da jini, da maƙabartunsu, duk suka nutse. Wutar ta tafi masana'anta da birni, ƙauyukan cikin daji da yawa kuwa suka ci gaba da dogaro da janareta na 'yan sa'o'i da dare. Mutanen tsohuwar Bussa da aka tasa saboda madatsar Kainji ba sa buƙatar a yi musu fassarar wannan labari.

Daga baya gwamnati ta riƙa ba kamfanonin katako da na zinare izini a cikin dajin ba tare da tambayar mazauna ba. Saramaka ba su ɗauki bindiga a kan wannan ba. Suka zana taswirar ƙasarsu da kansu, suka bi ƙauye-ƙauye suna tara hujja, suka kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyoyin Amurka. A 2007 kotun ta ce suna da haƙƙin mallakar ƙasarsu a matsayin al'umma, kuma dole a nemi yardarsu kafin a yi babban aiki a cikinta. Biyu daga cikin jagororinsu, Wanze Eduards da Hugo Jabini, sun samu lambar yabo ta Goldman a 2009. Amma shekaru suka yi ta wucewa ba a aiwatar da hukuncin yadda ya kamata ba. A halin yanzu zinare ne babban abin da ƙasar ke fitarwa, masu ƙananan haƙa kuma suna wanke shi da zaiba, wato sinadarin makuri, yana shiga kogunan da mutane ke sha suke kamun kifi.

Tambaya ta biyu, hukunci. Suriname ta samu 'yancin kai ranar 25 ga Nuwamba 1975. Tun kafin ranar, dubun-dubatar mutane suka tattara suka koma Holan don tsoron abin da zai biyo baya, kuma yau akwai masu tushen Suriname sama da dubu 300 a can. Wannan doguwar alaƙa ce ta sa 'yan ƙwallon nan ke sa rigar Holan. Ranar 25 ga Fabrairu 1980 wasu sajan-sajan suka yi juyin mulki, Desi Bouterse ya zama mai ƙasa. A daren 8 ga Disamba 1982 aka kashe mutum 15 a tsohuwar ganuwar Fort Zeelandia: lauyoyi, 'yan jarida, shugaban ƙungiyar ƙwadago, malaman jami'a, 'yan kasuwa da sojoji. Laifinsu sukar gwamnati. Daga 1986 zuwa 1992 kuma aka yi yaƙin basasa a cikin daji tsakanin soja da 'yan tawayen Marun ƙarƙashin Ronnie Brunswijk. Ranar 29 ga Nuwamba 1986 sojoji suka shiga ƙauyen Moiwana suka kashe aƙalla mutum 39, yawancinsu mata da yara.

Ku saurari yadda shari'ar mutum 15 ɗin nan ta tafi. Iyalansu suka ƙi yin shiru. Sai a 2000 aka buɗe bincike, a 2007 aka fara shari'a. Ana cikin shari'ar aka zaɓi Bouterse shugaban ƙasa a 2010, wanda ake tuhuma ya hau kujera mafi girma. A 2012 majalisa ta faɗaɗa dokar afuwa don ta rufe maganar. Alƙalan ba su janye ba. A Nuwamba 2019, yana kan mulki, kotu ta yanke masa shekara 20. Ya ɗaukaka ƙara, a Disamba 2023 aka tabbatar da hukuncin, shekara 41 bayan kisan. Ranar da ya kamata ya miƙa kansa gidan yari sai ya ɓuya, ya mutu a ɓoye a Disamba 2024.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Wani zai ce ina amfanin hukuncin da mai laifi bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba? Ban raina wannan magana ba. Amma ni da nake cikin harkar gwagwarmaya na san cutarmu: mu yi zafi sati biyu a intanet, mu ƙirƙiri maudu'i, sai wani labari ya zo mu watse. Waɗannan iyalai shekara 41 suka yi suna taruwa duk 8 ga Disamba, suna ajiye takardu, suna biyan lauya, wasu suka mutu 'ya'yansu suka ɗora. Abin da suka samu shi ne, yau a kundin kotun ƙasarsu an rubuta wanda ya yi kisan, ba wanda zai ce wa jikokinsu ƙage ne.

Tambaya ta uku ita ce ke gabansu yanzu. Alcoa ta rufe matatarta a 2015, farashin kaya ya faɗi, bashi ya yi yawa, a 2020 ƙasar ta kasa biya, ta koma hannun asusun ba da lamuni na duniya. Aka rage tallafin mai da wuta, rayuwa ta yi tsada, a Fabrairu 2023 masu zanga-zanga suka kutsa cikin majalisa. Na san wannan waƙar ba baƙuwa ba ce a kunnenku. Ana cikin haka sai ga ɗanyen mai a cikin teku. A Oktoba 2024 kamfanin TotalEnergies da abokin aikinsa APA suka amince su zuba wajen dala biliyan 10.5 a wani aiki mai suna GranMorgu, inda ake ƙiyasta ganga sama da miliyan 700, da shirin fara haƙa a 2028. Ku raba wannan da mutum dubu 600. A Yuli 2025 kuma suka rantsar da mace ta farko a matsayin shugabar ƙasa, likita Jennifer Geerlings-Simons, wadda a zamaninta ake sa ran kuɗin farko zai shigo.

Mu da aka tono mana mai a Oloibiri tun 1956, ba sai an gaya mana ba cewa mai yana iya zuwa talauci bai tafi ba. Rake ya zo Suriname, Turai ta sha zaƙin. Boksait ya zo, aka nutsar da ƙauyukan Saramaka. Zinare ya zo, zaiba ta shiga kogi. Abin da zan zuba wa ido a kan mai abu uku ne: ko za a riƙa buga lissafin kuɗin a fili kowa ya gani, ko za a ba mutanen daji takardar ƙasarsu kafin kuɗi ya ƙara jawo masu ido a kanta, da kuma ko kotunan da suka iya hukunta shugaba mai ci za su iya hukunta ɓarawon mai.

Shi ya sa yanzu idan na ga hoton masallacin nan da maƙwabcinsa, ina jin daɗi har raina, kuma ina fata mu kai can. Sai dai ina tuna cewa a shekarar da aka kashe mutanen Moiwana, gine-ginen nan biyu suna tsaye a gefen juna lafiya lau.

Tambayata gare ku a wannan mako: a garinku ko jiharku, wace magana ce ta zalunci da aka yi zafi a kanta sannan aka manta, kuma wa ke riƙe da takardunta yanzu? Ku rubuto mana, zan karanto wasu a shiri na gaba. Wanda ya ji ya ƙaru, ya tura wa abokinsa ɗan gidan kallo. Sai mun haɗu, Allah Ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.